Kafin a kwance injekta: Yadda ake gano abin da ke hana tsohuwar motar gas tashi

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dawa da masara da wake da shinkafa ke fitowa daga kasuwannin Bena da Ribah da Dirin Daji da Mahuta, duk mai motar ɗaukar kaya a masarautar Zuru shi ma kakarsa ta yanke saƙa. Kanta da Hilux da tsofaffin Marsandi 911, waɗanda wasunsu sun girmi direbobinsu, su ne ke kwaso buhuna zuwa garin Zuru, daga nan a nufi Kontagora ko Koko ko Sakkwato. Sai dai lokacin da aka fi buƙatar waɗannan motoci shi ne lokacin da suka fi gardama, domin sanyin asubar hunturu yana tona duk wani rauni da injin gas ya ɓoye tun cikin damina.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga ɗan kasuwa mai mota, da ma'aikacin gwamnati da ya sayi tsohuwar Hilux a gwanjo. Mota ta ƙi tashi, a kira bakanike, ya murɗa makulli sau biyu ko uku, ya girgiza kai ya ce injekta ce. Wannan hukunci yana da tsada. Sai an kwance ta, a kai wa masu na'urar gwaji, sau da yawa a wani garin, a jira kwanaki, a biya kuɗin saiti da na kayan gyara, a dawo a sake ɗaura ta a daidaita lokacinta. Ba sabon abu ba ne bayan duk wannan wahala mota ta sake ƙin tashi washegari, saboda tun farko laifin wani guntun tiyo ne da kuɗinsa bai kai na litar mai biyu ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Kuma asarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. A hanyoyin Danko/Wasagu da Sakaba, inda hare-haren 'yan bindiga suka addabi jama'a shekara da shekaru, babu direban da ke son la'asar sakaliya ta same shi a gefen hanya da bonat a buɗe.

Injekta takan lalace, babu musu. Amma ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a zarga, domin akwai abubuwa masu araha da yawa da ke nuna alamu irin nata, kuma yawancinsu mai mota zai iya tantance su da kunnensa da idonsa.

Injin da ba ya buƙatar tartsatsi

Injin fetur yana haɗa mai da iska, sannan fulogi ya ƙyasta musu wuta. Injin da Rudolf Diesel ɗan ƙasar Jamus ya sami lasisin ƙirƙirarsa a 1893, ya kuma kammala shi a 1897, hanyarsa daban ce. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta zuwa kimanin kashi ɗaya cikin 20 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salsiyos. A daidai wannan lokaci ne nozul ke fesa gas kamar hazo, sai ya kama da kansa. Aikin injekta, wadda kamfanin Bosch ya fara ƙera ta da yawa a 1927, shi ne auna wannan ɗigo na mai, ta tura shi da ƙarfi zuwa kowane nozul a lokacin da ya dace.

Daga wannan bayani ake fahimtar komai. Tsohon injin gas ba shi da kafireta, ba shi da kwayil, ba shi da kwamfuta. Abu uku kawai yake nema kafin ya tashi: a juya shi da sauri, iskar cikinsa ta yi zafi, mai kuma ya iso tsarkakakke babu iska babu ruwa. Duk ƙin tashi yana komawa ne ga ɗaya daga cikin ukun nan.

A fara da kunne

Idan aka murɗa makulli aka ji ƙas sau ɗaya ko a jere, inji bai juya ba, ko ya juya a kasalance kamar mai jin barci, to maganar mai ba ta taso ba tukuna. Wannan aikin mai waya ne. Injin gas ya fi na fetur cin batir nesa ba kusa ba, saboda nauyin matsin da kik zai ture, kuma idan juyin ya yi sanyi zafin da aka tara yana zurarewa ta bangon silinda kafin mai ya iso. Shi ya sa batirin da zai tayar da ƙaramar motar fetur cikin sauƙi yake iya kasa tayar da Hilux.

Ma'aunin wuta da ke hannun kowane mai waya yana raba gardama cikin minti biyar. Cikakken batir da ya kwana yana nuna bolt 12.6. Yayin da ake ba da kik bai kamata ya sauka ƙasa da kimanin 9.6 ba, kuma idan inji yana aiki altaneta ta riƙa ba shi tsakanin 13.8 da 14.4. Manyan motoci masu batir biyu a jere sai a ninka waɗannan lambobi. Idan batir lafiya lau yake, a duba kawunansa da farin gari ya cinye, da wayar da ke haɗa inji da jikin mota, wadda mutane kan manta da ita. Wayar da ta yi zafi bayan an ba da kik tana ba da shaida a kan kanta.

Motar da ke tashi nan take idan an tura ta, amma ta ƙi da makulli, ta riga ta wanke injektarta daga zargi. Sai dai turi bai kamata ya zama al'ada ba a injinan da ke da bel na taimin, irin na Hilux da Hiace, domin fizgar tana iya sa bel ya tsallake haƙori. Haka nan kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a lokaci guda. Yawancin kik ɗin da suka ƙone, naci ne ya ƙona su.

Abin da salansa ke faɗa

Idan inji yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, sai wani ya tsaya a bayan mota ya kalli salansa. Wannan shi ne gwaji mafi amfani, kuma ba a biyan ko sisi. Idan babu hayaki ko kaɗan, mai ba ya isa cikin silinda, sai a bi hanyarsa daga tanki. Idan farin hayaki yana fita, mai warin ɗanyen gas da ke sa ido ƙwalla, to mai yana isa, wuta ce ba ta kama shi, wato zafi ne ya yi ƙaranci. Hanyoyin biyu ba sa haɗuwa, kuma wanda ya san wadda zai bi ya rage rabin kuɗin gyara.

Akwai wani farin hayakin da ba shi da warin gas, wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya ɗumama, ruwan lagireto kuma yana raguwa. Wannan gasket ɗin kan inji ne. Shuɗin hayaki baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙin hayaki a kan hawa, musamman cikin ƙurar hunturu, yawanci matacin iska ne ya toshe, kuma a canza shi ya fi a kai wa mai faci ya hura shi da iska mai ƙarfi, domin hurawar tana yaga takardar ta buɗe wa ƙura hanya zuwa ringi.

Iska, ɓarawon da ba ya barin sawu

A tsofaffin motoci, babu abin da ya kai iska yawan jawo wa injekta zargin da ba ta ci ba ba ta sha ba. Dalilin yana cikin ɗabi'ar abubuwan biyu: mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Idan kumfa ta shiga bututu, injekta za ta yi ta turi, kumfar tana lanƙwasa kamar katifa, ƙarfin da zai buɗe nozul ba zai taɓa cika ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba a ganin yoyo. Daga tanki zuwa injekta zuƙo mai ake yi, don haka ƙaramar tsaga ba ta zubar da mai waje, iska take sha zuwa ciki. Tiyo yana iya zama a bushe ƙayau alhali shi ne mai laifin. Da dare, idan mota ta kwana, iskar tana shiga a hankali, man ya sulale ya koma tanki. Da safe sai a yi ta ba da kik, ko kuma inji ya kama na 'yan daƙiƙu da ɗan man da ya rage, ya mutu, ya ƙi sake tashi. Da rana kuwa, taɓa makulli ɗaya ya isa. Duk motar da ke da wannan hali, a fara neman iska.

Gwajin yana da sauƙi. A kan matacin mai na Hilux da makamantanta akwai famfon hannu da ake dannawa, a Marsandi kuma yana jikin injekta. Da safe, kafin a taɓa makulli, a yi ta danna shi har ya yi tauri. Idan mota ta tashi nan da nan, an kama ɓarawo. Tuddan Zuru ma suna da amfani a nan: a kwantar da mota a gangare, hancinta na kallon ƙasa, yadda tanki zai fi inji tudu. Idan washegari ta tashi cikin sauƙi fiye da yadda ta saba, mai ne ke komawa baya. Wanda ke son ya gani da idonsa sai ya sa guntun tiyo garai-garai tsakanin mataci da injekta, ya kalli kumfa tana wucewa. Gwajin da ya fi kowanne yanke hukunci shi ne a zuba gas mai tsabta a galan, a haɗa shi kai tsaye da injekta, a tsallake tanki da mataci gaba ɗaya. Inji ya tashi ya zauna daram, to injekta ba ta da laifi.

Wuraren da iska ta fi shiga ba su da yawa: robar bakin mataci idan an ɗaura ta a karkace, robar cikin famfon hannu da ta tsufa, ƙananan tiyo masu rigar zare da ke mayar da rarar mai daga nozul, wanda zafin inji ke busar da su har su tsage, da wasar tagulla da aka kwance aka mayar sau biyar. Bayan gyara sai a fitar da iskar bi da bi, a fara daga kusar kan mataci, a je ta injekta, sannan a sassauta notin bututun da ke kan nozul a ba da kik har mai ya fara tsartuwa. A nan akwai haɗari: ƙarfin da ke buɗe nozul na tsohon inji ya haura ba 100, wato fiye da iskar tayar ƙaramar mota sau 40, kuma feshinsa yana huda fata. Ba a gwada shi da yatsa.

Murfin tanki ma yana da nasa rabon. Yana da ƙaramar kafar numfashi, idan ta toshe sai mota ta yi tafiyar rabin sa'a ƙarfinta ya ragu ta mutu, a buɗe murfin a ji ya ja iska, ta sake tashi. Masu maye gurbinsa da tsumma da leda sun tsira daga wannan, amma sun buɗe wa ƙura da ruwan sama ƙofa.

Ruwa da gurɓataccen mai

A watan Janairun 2022 matsakaicin farashin litar gas a Najeriya bai kai naira 300 ba, kafin ƙarshen shekarar ya haura 800, a ƙarshen 2023 kuma ya wuce 1,000. Tsadar ta sa masu motoci da yawa suna zuba daidai na tafiyar yini, suna kuma sayen duk wanda ya fi araha a jarka ko duro a bakin hanya. Kowanne daga cikin biyun yana da farashinsa na ɓoye. Tankin da kullum yake kusan wayam yana cike da iska mai laima, musamman a daminar Zuru da ta fi ta arewacin jihar ruwa, kuma da sanyin dare laimar kan zama raɓa a bangon tanki ta gangara ƙasa. Litar gas ba ta kai litar ruwa nauyi ba, don haka ruwan yakan kwanta a ƙasa, daidai inda bututu ke zuƙa. A tsakanin ruwan da man kuma wasu ƙwayoyin halitta suna hayayyafa, su zama baƙin kitse mai yauƙi da ke toshe rariyar cikin tanki.

Masu ƙera motoci sun san da wannan, shi ya sa a ƙasan matacin mai akwai wurin tara ruwa da kusar tsiyaye shi, Toyota ma ta sa fitilar gargaɗi a gaban direba. A tsofaffin motoci da yawa an daɗe da cire wayar fitilar. Tsiyaye wannan ruwa cikin kwalba sau ɗaya a mako aikin minti biyu ne, kuma kwalbar za ta nuna gaskiyar man da ake saye. Haka nan duk man da aka yi shakkarsa, a zuba kaɗan a kwalba a bar shi ya kwanta kafin ya shiga tanki.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin injektar kanta. Tazarar da ke tsakanin ƙarafunanta masu motsi ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Injekta mai jeri, irin ta Marsandi 911, ƙasanta yana wanka da baƙin mai, shi ya sa take da juriya. Amma mai juyi, irin ta Hilux da Hiace da taraktocin Massey Ferguson, ba ta da wani abin da ke sa mata santsi sai gas ɗin da ke ratsa ta. Ruwa yana sa ta tsatsa. Kananzir, wanda aka yi ta cakuɗawa da gas a zamanin da yake da tallafi kafin 2016, ba shi da maiƙon da zai kare ta, haka ma man da ake tacewa ta haramtacciyar hanya a yankin Neja Dalta. Mota za ta yi tafiya da su lafiya lau na ɗan lokaci, ƙarafunan suna cin juna a ɓoye. Mataccen mataci da aka wanke da fetur aka mayar, ko aka huda shi don mai ya wuce, yana ƙarasa aikin.

Hita da tsumman fetur

Idan farin hayaki mai warin gas ne aka gani, kuma matsalar ta safiya ce kawai, sai a koma ga fulogin hita. Waɗannan ba sa ba da tartsatsi, ƙarfe ne da ke yin ja-wur cikin 'yan daƙiƙu ya ɗumama ɗakin ƙonewa. Fitila mai siffar nannaɗaɗɗiyar waya a gaban direba ita ce alamarsu, kuma ana jira ta mutu kafin a ba da kik. Da yake ƙasar nan mai zafi ce, mota tana iya yin wata takwas da matattun hita biyu ba a sani ba, sai Disamba ta zo. Kamawar fitilar ba hujja ba ce cewa suna aiki, sai an gwada kowanne da ma'auni, an kuma duba fis da rilen da ke ba su wuta. Manyan injina masu fesa mai kai tsaye a kan fistin, kamar na 911, galibi ba su da hita, don haka a wurinsu zargi yana komawa kan batir da matsi. Shawarar da ake gani a intanet cewa gas yana daskarewa da sanyi ta mutanen Turai ce, hunturun Zuru bai kai nan ba.

Dabarar jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin shan iska tana tayar da mota, shi ya sa ta yaɗu. Amma fetur yana fashewa kafin fistin ya kai sama, bugun ya sauka a kan ringi da sandar fistin, kuma idan ya tarar da hita mai zafi wutar tana iya dawowa ta fuskar mai riƙe da tsumman. Injin da aka saba masa da haka ringinsa yakan ƙara lalacewa, har ya kai ba ya tashi sai da shi.

Lokacin da zargin ya halatta

Saura abu ɗaya ƙarami kafin a taɓa injekta. A jikin mai juyi akwai makunnin lantarki mai waya ɗaya da ke buɗe wa mai hanya. Idan aka kunna makulli ya kamata a ji ya yi ƙas. Wayarsa ta zame ko fis ya ƙone, inji zai yi ta juyi babu hayaki har batir ya ƙare.

Bayan wannan sai nozul. A bar inji yana aiki a hankali, a sassauta bututun kowanne ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sassauta sautin inji bai canza ba, silindarsa ba ta aiki da ma. Gwada nozul a famfon gwaji ya fi gyaran injekta araha ƙwarai, kuma nozul mai ɗiga maimakon feshi yana kawo baƙin hayaki da ƙwanƙwasa da wahalar tashi. Sannan matsi: a buɗe murfin zuba baƙin mai inji yana aiki, idan yana huci kamar tukunya ringi sun gaji. Ma'aunin matsi zai tabbatar, domin lafiyayyen ƙaramin inji mai hita yakan ba da kusan ba 30, wanda ya sauka wajen 20 kuwa babu injektar da za ta cece shi.

Injektar da ta gaji da gaske tana da alamarta, kuma kishiyar ta iska ce. Mota ta tashi da safe lafiya, amma bayan doguwar tafiya a kashe ta a tasha ta ƙi tashi sai ta huce. Zafi yana tsinka gas, ya riƙa zurarewa ta tazarar da ta buɗe. Kanikawa kan zuba ruwa mara sanyi sosai a kan injektar, idan ta tashi nan take shaida ta cika, muddin an tabbatar kik ba ya yin nauyi idan ya yi zafi. Yoyon mai daga jikinta, da ƙaruwar baƙin mai a sanda tare da warin gas, su ma dalilai ne na kwance ta.

Duk wannan bayani na tsofaffin injina ne. Sababbin Hilux da sauran motocin da kwamfuta ke sarrafa feshinsu, tsarin da ya shigo ƙananan motoci daga 1997, ƙarfin mansu yana haura ba 1,500. Ba a sassauta musu bututu inji yana aiki, na'urar karanta laifi ake sa musu.

Idan ta tabbata sai an kwance, mai mota ya tsaya a ga an yi alama da ƙusa a jikin injekta da mazauninta, da kuma haƙoran taimin, domin kuskuren haƙori ɗaya wajen mayarwa yana haifar da farin hayaki da wahalar tashi irin waɗanda aka je gyarawa. A kai ta tare da nozul ɗinta duka a gwada su rana ɗaya, a toshe bakin kowane bututu da leda mai tsabta saboda ƙura, a kuma nemi a dawo da tsofaffin kayan da aka ce an canza. Kwanakin da injektar za ta yi a wurin gwaji su ne lokacin sauke tanki a wanke shi, a busar, a canza mataci da tiyo, tun kafin ta dawo ta tarar da ruwan da ya kashe ta yana nan kwance.